Motar da Ba Ta Ciwo Sai da Gwaggo

A shekarun da Sista ta yi tana aikin jinya, majinyacin da ya fi ba ta haushi shi ne wanda zai kwana yana murƙususu, da likita ya shigo da safe sai ya tashi zaune ya ce shayi yake so. Ba ta taɓa zaton za ta kwashe ajiyarta ta sayo irin wannan majinyacin ta girke shi a ƙofar gida ba.

Motar ta hannu ce, ruwan toka, mai giya otomatik, an goge ta har mutum yana ganin haƙoransa a jikin ƙofa. Dillalin da ya sayar mata, wanda kowa ke kira Ba-Matsala don ba a taɓa tambayarsa abu ya ba da wata amsa ba, ya dafa bonet a gaban maigidanta ya ce in inji ko giya ya nuna aibi kafin ƙarshen wata, ta dawo da ita, ya karɓi abarsa.

"Amma sai na gani da idona, Hajiya. Ba na karɓar mota a kan labari."

Aibin bai jira ƙarshen wata ba. Ranar Sista ta kai Gwaggo asibitin ido ne suna dawowa. Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidan ce, tana zaune da su tun da gwiwa ta fara ba ta wahala. Mace ce mai jiki, mai jama'a, wadda ba ta yarda a wuce ƙofar wanda ta sani ba a tsaya ba. A hawan da ke gab da gada Sista ta taka totur. Inji ya kwarma ihu, motar kuwa ta tsaya tana shawara. Sai can ta yi wata zabura, gaf, har tabarau ɗin Gwaggo ya sauko kan haɓarta.

"Ke, 'yar nan, mota kika saya ko ɗan maraƙi?"

Washegari da sassafe Sista ta kai ta gareji wajen Kunne. Ana ce masa Kunne ne don shi ba ya duba mota da ido. Sukudireba yake dafawa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar ana gaya masa asirin wani.

"Yi mini kukan da ta yi," in ji shi.

Sista ta waiga ta ga ba mai kallonta, ta ce, "Wuuuun... sai shiru... sai gaf."

"Gaf ko ƙwas?"

"Gaf."

"Filogi ne."

Ya canza filogi, ya ja motar ya kewaya layin garejin ya dawo. Ta tafi sumul kamar ba ta san komai ba. Haka ta yi ta kai Sista aiki tana dawo da ita, ba tari ba atishawa, har ranar da aka sake fita da Gwaggo. A dawowa, gaf. Kunne ya ce famfon mai ne, ya canza. Aka sake fita da Gwaggo, gaf. Kunne ya kira mai kwamfuta, ya jona wayarsa ƙarƙashin sitiyari, na'urar ta yi ƙyafte-ƙyaftenta ta ce motar ta fi kowa a wurin lafiya. Sista ta daɗe da sanin cewa takardar gwaji tana iya cewa mutum garau yake alhali ana riƙe da shi kada ya faɗi, don haka ba ta yi murna ba.

Maigidan yana da nasa bayanin, kuma tun kafin a sayi motar yake riƙe da shi.

"Ƙafarki ce. Otomatik ba a taka mata totur kamar ana taka keken ɗinki. Lallaɓa ta ake yi."

"To, ranka ya daɗe, ga mukulli. Gobe Gwaggo za ta je a auna mata jini. Ka lallaɓa ta."

Ya dawo da yamma bai ko yi sallama da ƙarfi ba. Ya ja Sista cikin kicin, ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Ta yi mini."

"Ƙafarka ce."

"Ki bar wasa. Na gano abin. Kin lura ba ta taɓa yi sai Gwaggo tana ciki?" Ya buɗe hannuwa ya nuna faɗi, sannan ya yi sauri ya sauke su. "Nauyi ne. Amma wallahi in maganar nan ta fita daga kicin ɗin nan, ban san ki ba."

Kunne ya karɓi wannan bayani hannu biyu, domin ya fid da shi daga zargi: ai shi mota babu kaya ake kawo masa. Ya ce a gwada a gani. Da yake ba mai iya zuwa ya ce wa Gwaggo ta zo a yi awo da ita, sai aka aro buhunan siminti daga shagon da ke maƙwabtaka da garejin. Nan gardama ta tashi a kan ko Gwaggo buhu nawa ce. Maigidan ya ce biyu. Kunne, wanda ya taɓa hango ta sau ɗaya ta taga, ya ce shi dai tsakaninsa da Allah a sa uku. Maigidan ya ce gwaggonsa ce fa, a yi magana da ladabi. Aka daidaita a kan biyu da rabi, aka ɗaura wa simintin bel a kujerar gaba.

Suka hau gada, suka sauko, suka sake hawa. Motar ta haye kamar ba ta ɗauke da komai.

Kunne ya goge hannu da tsumma, ya dubi ƙasa. "Hajiya, ni aikin ƙarfe na koya. Akwai abin da ba na ƙarfe ba. Mota ma tana da wanda jininsu bai haɗu ba."

Sista ta sha jin irin wannan a bakin gadon asibiti, kuma kullum daidai lokacin da mai magani ya ƙure iliminsa ake fara ta. Wata kuwa ya kusa ƙarewa. In ya ƙare, ita da motar sun zama na juna har abada.

Sai ta yi abin da take yi wa majinyaci mai ɓoye ciwo: ta bar tambayar ina ke ciwo, ta koma tambayar yaushe. Ba ta taɓa yi a tafiya ba, sai a dawowa. Ba ta taɓa yi da safe ba. To me Gwaggo take yi a mota wanda siminti bai yi ba? Tana cikin wanke hannu a wurin aiki amsar ta faɗo mata, har ta yi dariya ita kaɗai. Siminti ba shi da mutane.

Fita da Gwaggo ba tafiya ba ce, zagaye ne. A tsaya wajen mai kemis a tambayi ƙafar matarsa. A tsaya ƙofar tsohuwar maƙwabciya a yi hon har ta fito. A ja gefe don ga ɗan wance can yana tsallaka titi. Gwaggo ba ta sauka saboda gwiwa, ta taga ake gaisawa, kuma ba ta yarda a kashe inji don kada sanyin cikin mota ya ɗauke. Ita kuma Sista, da yake kullum tana zaton yanzu za a gama, ba ta fitar da giya, birki kawai take takewa. Haka motar za ta yi ta dahuwa a tsaye cikin rana. Kunne kuwa da sanyin safiya yake kewaya layi da ita ya dawo.

Da aka sake dawowa daga irin wannan zagayen, ba ta shiga gida ba. Ta buɗe bonet, ta zaro ma'aunin man giya. Man ya yi baƙi, yana ƙaurin abin da aka manta a kan wuta. Ta kira Kunne ta gaya masa.

"Ai giya ce!" in ji shi. "In ta ɗau zafi sai ta riƙa sakin jiki. Dama na yi zargi."

Da ta kai motar wajen Ba-Matsala, ya saurare ta yana murmushi, ya shinshina ma'aunin, ya ce man giya ai dama ba turare ba ne. Ya karɓi mukulli ya ce bari ya kewaya da ita.

"A'a," in ji Sista. "Kai za ka tuƙa, don kada a ce ƙafata ce. Amma hanya, Gwaggo ce za ta nuna."

Gwaggo tana kujerar gaba, an gaya mata za a kai ta ganin mutane ne kawai, ta kuwa sha ado. Ba-Matsala ya duba agogo, ya ce yana da mai sayen mota da zai zo, amma ba matsala.

Tun a tsayawar farko Gwaggo ta gano ta san uwarsa.

"Kai ne ɗan mai ɗinkin nan? Wanda ya haɗiye maɓalli? Ikon Allah! Ya fita kuwa?"

"Ya fita, Gwaggo."

"To madalla. Tsaya nan, yi hon. Kar ka kashe, zafi nake ji."

Aka gaida mai kemis. Aka gaida tsohuwar maƙwabciya, ita ma aka ba ta labarin maɓalli. Aka gaida wata da ta aurar da jika, aka jajanta wa wani da aka sace wa janareto. Wayar Ba-Matsala ta yi ta ruri a aljihu, in ya kai hannu sai Gwaggo ta ce ba a waya ana tuƙi, ko da kuwa motar a tsaye take.

Amma ranar hadari ya rufe rana, iska tana kaɗawa, motar kuma ta ƙi yin komai. Sista tana zaune a baya. Mutanen Gwaggo sun fara ƙarewa. Ta tuno mata da wata ƙawa a bayan makaranta, Gwaggo ta ce wannan ai ta rasu bara. Ta tuno mata da wata, Gwaggo ta ce ba sa magana. Suka doshi gada, suka fara hawa, mota tana tafiya lafiya lau.

Ba-Matsala ya saki dariya, ya ga tsira ta zo. "Kin gani, Hajiya? Mota garau. Ni dama Kunne ya ba ni labari. Motar da ta haye nan da siminti buhu biyu da rabi a madadin Gwaggo, me kuma ake nema a wajenta?"

Sista ta runtse ido.

"Tsaya," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, a kan hawa muke..."

"Na ce ka tsaya."

Ya ja gefe ya taka birki. Gwaggo ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta juyo da dukkan jikinta.

"A madadin wa?"

Ba-Matsala ya kai hannu zai kashe mota, ta buge hannun.

"Bar shi. A cikin sanyi zan ji maganar nan. 'Yar nan, wa ya ce biyu da rabi?"

"Gwaggo, gwaji ne kawai aka..."

"Ban tambaye ki ko mene ne ba. Wa ya yanke?"

"Maigidan ya ce biyu. Bakanike ya ce uku."

"Uku! Kira mini shi. Kira mini mijin naki ma, ɗan da na goya a bayan nan da yake aunawa da siminti."

Aka kira maigidan, aka buɗe muryar wayar kowa yana ji. Gwaggo ta faro daga ranar da aka haife shi. Ta bi ta kan ƙyandar da ta yi jinyarsa, da kuɗin makarantar da ya ɓatar ta rufa masa asiri, da wandon da ya jiƙa a motar haya yana da wayonsa. Maigidan yana ta "Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo," tana cewa bai huce ba. Da ta gama da shi aka kira Kunne, wanda ya rantse shi biyu ya ce. Sannan ta dawo kan Ba-Matsala, don shi ne ya yi dariya. Duk wannan inji yana aiki, giya tana ciki, ƙafar dillali tana kan birki har ta fara rawa. Hadarin ma ya gaji ya watse, rana ta buɗe.

Sista, wadda ta sunkuyar da kai tana karɓar nata rabon, ta ji wani ƙauri yana shigowa sannu a hankali. Ba ta taɓa jin wari mai daɗinsa ba.

"Mu tafi," in ji Gwaggo daga ƙarshe. "Kai ni gida in haɗa kayana."

Ba-Matsala ya saki birki ya taka totur. Inji ya kwarma ihu. Motar ba ta motsa ba. Ya ƙara takawa, ihun ya ƙaru, sai ga su suna silalowa baya a hankali, mai babur a bayansu yana zagi. Ya danne birki da ƙafa biyu, gumi yana bin wuyansa. Wannan karon ko gaf ɗin ba ta yi ba.

"Alhaji," Sista ta ce a hankali, "ka gani da idonka, ko mu sake zagayawa? Akwai wadda Gwaggo ba sa magana da ita, sai mu je a sasanta."

"Na gani! Na karɓa! Wallahi na karɓa. Ki zo gobe, a'a, ki zo yau."

Ya fita ya ce kowa ya sauka a tura ta gefe. Sista ta koma kan sitiyari. Gwaggo ta gyara zama, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Gwaggo, da za ki ɗan sauka..."

"Ba inda za ni. Gwiwata. Ka tura a haka, ɗan mai ɗinki, in mun kai sai ka gaya mini ko buhu nawa ne."