Dutsen da Ba Shi da Lamba

"Wa ya ce ki wanke su?"

Muryar maƙwabcina Mai Guduma ce ta tsallako katanga. Na ajiye zarto na shiga. Yana kishingiɗe, numfashi da ƙyar. Matar ɗansa na riƙe da bokiti, ga duwatsunsa shanye a rana, fes.

"Baba, likita ya ce ƙura..."

"Likita ya ce ki wanke min shekara talatin?"

Shekara talatin ya yi yana fasa dutse a rami. Can yake tsinto masu sawun halittun teku: ɓawon katantanwa, da wasu 'yan ƙwayoyi kamar maɓalli masu huji kamar tauraro a tsakiya. Ya ce gaɓoɓin wata dabba ce mai kama da fure, tun zamanin da ruwa ya rufe wurin. Kowanne ya rubuta masa da alli hawan ramin da ya fito. Sabulu ya cinye duka. Malamar jami'ar da za ta karɓe su kuwa ta riga ta faɗa masa, dutsen da ba a san mafitarsa ba tsakuwa ne.

Na sha gaya masa wannan tara duwatsu shirme ne. Amma na fi tsanar aikin da aka bari rabi.

"Kafinta, ɗauko fenti," ya ce. "Alli ya ci amanata."

Muka zauna. Matar ɗansa ta miƙa dutse, shi ya shafa, ya ɗan lasa don launin ya fito. "Hawa na huɗu, gabas." Ni in rubuta.

"Wannan rubutu naka kamar tonon kaza."

"Ni na koya wa kaina. Kai wa ya koya maka lasar dutse?"

Kwana tara muna yi. Tari ya kama shi, ya ture ruwa ya ce a miƙo na gaba. Ranar ta tara da hantsi saura ɗaya, cikin masu tauraron nan. Ya daɗe yana murza shi da babban yatsa.

"Wannan... tsaya in tuna."

Muka tsaya. Yatsan ya daina motsi.

Bayan kwana biyu da jana'izarsa matar ɗansa ta kawo min dutsen, idonta jawur.

"Kawu, rubuta huɗu kawai. Wa zai sani?"

"Ni."

Malama ta zo ta kwashe akwatunan duwatsun. Shi wannan yana kan tagar shagona, kusa da gwangwanin fentin da ya bushe. Da safe rana takan shiga ta cikin tauraron.