Fentin Rawaya a Hanyar Bessac

Yayana Firmin ya yi shekara ashirin da shida yana shafa fentin rawaya a hanyar ƙafa da ta tashi daga ƙauyenmu Montarel, ta bi ta saman dutse, ta gangara garin Bessac. Ba wanda ya ɗauke shi aikin. Ofishin magajin gari kan sayi fenti, shi kuma duk watan Afrilu sai ya ɗauki gwangwani da buroshi ya taka kilomita goma sha ɗaya, yana sabunta 'yan alamomin da ke jikin duwatsu da bishiyoyi don kada baƙi masu yawon buɗe ido su ɓata.

Ni kuwa ɗakuna biyu nake ba baƙin haya a saman gidana. Kowace safiya ina zuba musu kofi ina kwatanta musu hanyar kamar a kanta aka haife ni, alhali ban taɓa bin ta har ƙarshe ba. In Bessac za ni, mota nake shiga.

A ƙarshen bazarar bara wasu mata biyu 'yan Beljiyam suka dawo mini da la'asar, takalmansu duk kashin tumaki. Suka ce rawaya suka bi, ta kai su tsakiyar garken maƙwabcinmu Gervais. Na ce ƙila hira ce ta ɗauke musu hankali. Bayan mako guda wani malamin makaranta ya dawo da irin wannan labari. Ban gaya wa Firmin ba, amma ƙauyen da bai kai gida saba'in ba, ina maganar za ta ɓuya?

Da Afrilu ya kama, sai ga shi a ƙofar kicin ɗina.

"Auta, me kike yi gobe?"

Shekaruna sittin da huɗu, jikokina uku, kowa Eliette yake ce mini, amma a bakinsa har yau ni Auta ce.

"Wanki," na ce.

"Wanki ba ya gudu. Zo ki riƙe mini gwangwani."

"Duk shekarun nan wa ke riƙe maka?"

"Hannuna na hagu. Ya ce ya yi ritaya."

Muka fita da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Na saka burodi da cukun akuya da tuffa huɗu a jaka. Firmin na gaba da sandarsa, tafiyarsa ta mai sanin kowane dutse da sunansa. Alamomin farko bai ma tsaya nema ba: ga ta jikin katangar maƙabarta, ga ta bakin tsohon wurin wanki, ga ta kan gadar dutse. Ya tsoma buroshi, ya ja sau ɗaya, ya wuce. Har na fara tunanin baƙin nan ne dai ba su iya kallo ba.

Bayan kamar awa ɗaya da rabi muka iso inda hanya ta rabu biyu, kowane reshe da dutse a bakinsa. Firmin ya nufi na hagu kai tsaye, ya sunkuya ya ɗaga buroshi.

"Yaya, dakata. Me kake shirin shafawa?"

"Alamar mana. Ba ki gan ta ba?"

Na matsa na duba. Akwai fentin bara a wurin, amma a ƙarƙashinsa da gefensa duk gansakuka ce, irin mai launin rawaya da ke fitowa a jikin dutse. Alamar gaskiya tana can jikin dutsen dama, ta koɗe, ganye ya rufe rabinta. Na gaya masa. Ya sa yatsa ya kankari gansakukar, ya murza ta. Can ƙasa muna jin ƙararrawar tumakin Gervais.

"Yanar ido ce," ya ce. "Duka biyun. Likita ya ce a watan Yuni za su yi aiki."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin Kirsimeti."

"Kuma kullum Lahadi kana cin abinci a gidana, ba ka buɗe baki ba?"

"Da na faɗa, da kin ƙwace mini makullin mota."

"Yau ma zan ƙwace."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya ce shi ba makantar yake tsoro ba, wuƙar likita yake tsoro. Tun rasuwar matarsa Colette bai sake taka asibiti ba sai wannan karon. Sai na miƙa hannu. Ya ba ni buroshin.

Daga nan ya koma malami, kuma malami mai mita. Faɗin alama yatsu biyu, tsawonta tafin hannu. A yi ta daidai idon mai tafiya, ba daidai gwiwarsa ba. Bayan kowace mararraba a ƙara wata nan kusa, don hankalin baƙo ya kwanta ya san bai yi kuskure ba. Na kankare ta hagun da buroshin ƙarfe, na zana gicciye a wurin, wato ba nan ba. Ta farkon da na yi a dama sai fenti ya zubo mata kamar hawaye.

"Yaya ta fito?" ya tambaya.

"Ras da ita."

"Ƙarya kike, na ji yadda kika cika buroshin. Miya kike zubawa?"

Da rana ta take muka zauna a bakin dutsen da ke kallon kogi. Duk shekarun nan ina gaya wa baƙi su tsaya a nan su ci abinci, ashe ban san abin da nake aika su gani ba. Kogin na can ƙasa, kore shar, ya yi lanƙwasa biyu. Montarel kuwa ta koma kamar abin wasan yara. Na nemi rufin gidana na same shi, har da tagar da na manta a buɗe. Firmin ya yanka cuku da wuƙarsa ta aljihu, ya miƙo mini babban rabon yana zaton ƙaramin ne. Na karɓa na cinye abina.

Gangara ta fi hawa wuya. Gwiwoyina suka fara ƙorafi, fenti ya ɓata mini hannun riga. Alama ta ƙarshe na yi ta a jikin ƙofar tsohuwar ganuwar Bessac wajen ƙarfe biyu, 'yan kasuwa na naɗe rumfunansu. Na ɗauka mun gama, sai ya ce saura hasumiyar coci, wai duk shekara da ita yake rufewa.

Matakala ɗari da goma sha biyu ce, shi ya ƙirga mini su da baki. A sama iska ta kusa tafiya da hularsa. Ya dafa bango, ya fara nuna mini wurare da sanda, ba da ido ba, da abin da ke kansa.

"Can gadar jirgin ƙasa ce. Kusa da ita gonar inabin su Lacombe. Sai layin dogayen bishiyoyi a bakin ruwa."

"An sare su, Yaya. Kututture kawai."

"Duka?"

"Saura uku."

Ya gyaɗa kai. Sai ya juya gabas. A can gidan niƙa na mahaifin Colette yake, inda ya riƙa zuwa zance a kan keke.

"Rufin ya ƙarasa faɗuwa ko?"

Na ƙura ido. "A'a. Sabon rufi ne, ja. An yi wa tagogi shuɗin fenti. Ga ma wata mata tana ban ruwa a lambu."

"Shuɗi," ya ce. "Da surukina ya tashi daga kabari ya yi faɗa." Amma fuskarsa ta saki.

Da muka sauko na nufi tashar bas, ya riƙo hannuna. Shi ba ya komawa da bas. Kogi daga Bessac yake gangarawa ya bi ta ƙasan ƙauyenmu, kuma Noël mai ba da hayar kwale-kwale abokinsa ne tun suna firamare. Noël ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo rigar hana nutsewa.

"Eliette a kwale-kwale! Yau za a yi ƙanƙara. Kin iya iyo dai?"

"In na nutse, kai za ka yi wa baƙina karin kumallo."

Firmin ya zauna a baya yana juya akala, ni a gaba na zama idonsa. Da farko sai zagaye muka riƙa yi a wuri ɗaya, Noël na tsaye a gaɓa yana riƙe ciki. Da muka daidaita, ruwan da kansa ya ɗauke mu. Ina cewa dutse a dama, reshe a hagu, shi yana karkatarwa. Wani lokacin kafin in yi magana ya riga ya kauce, wai sautin ruwan ne ke gaya masa. Wani zalɓe ya riƙa tashi a gabanmu yana sauka, ya tashi ya sauka, har kusan kilomita biyu. A wani wuri mara zurfi muka maƙale a tsakuwa, dole na naɗe wando na shiga na tura. Sanyin ruwan ya sa na yi ihu, ya yi ta dariya har da tari.

Ranar goma sha ɗaya ga Yuni na kai shi asibiti da kaina. Na zauna a baranda awa biyu da hularsa a cinyata. Idon hagu ya washe sarai, na dama da aka yi daga baya bai samu sosai ba. Hanyar Bessac kuwa ta zama tawa, don ya ce tsugunawa ta ishe shi haka.

Washegarin aikin farko, da ma'aikaciyar jinya ta cire masa bandeji, ya dubi taga, ya dubi hannuwansa, sannan ya juyo ya zuba mini ido har na tsargu.

"Auta," ya ce, "yaushe kika tsufa haka?"

Na ce ya sa takalmansa mu tafi, miya na bari a kan wuta.