Silin Gareji

Duk wanda ya ga Dogo riƙe da gajeriyar sandar ƙarfe a filin golf sai ya tsaya kallo, domin ƙwallon kan tashi sak, ta sauka inda ya nufa. Amma da zarar ya zaro doguwar sandar nan mai babban kai, wadda ake kira ta katako, sai ƙwallon ta karkace dama ta faɗa cikin itatuwa. Ranar Asabar kuwa kulob ɗinsu zai zaɓi mutum ɗaya da zai ɗauki nauyinsa zuwa gasar ƙwararru. Saboda wannan gurbi ne Dogo ya ajiye aikin ofis, kowa a gida ya juya masa baya in ban da mahaifinsa.

Kocinsa, wani dattijo mai yawan barkwanci, ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya sauya masa riƙo, ya matsar masa da ƙwallon gaba, ya gyara masa tsayuwa, duk a banza.

"Kai Dogo, ko kana da dangi a cikin itatuwan nan ne?" in ji Koci. "Kullum sai ka aika musu saƙo."

Dogo bai yi dariya ba. Koci ya ɗauki bidiyon bugun a waya, ya maimaita shi a hankali, can sai fuskarsa ta sauya.

"Zo ka gani. Da ta ƙarfe kana miƙe tsaf. Da ta katako kuwa, sanda na yin sama sai ka sunkuyar da kai, ka naɗe hannu. Me kake kauce wa, ɗana? Ba komai a samanka sai sarari."

Sai da Dogo ya koma gida ya sami amsar. Ya shiga garejin da mahaifinsa ya fitar da mota ya bar masa tun yana sakandare, inda ya ɗaura raga yake buga ƙwallo safe da yamma. Ya ɗaga kai. Silin ɗin cike yake da tsofaffin tabo, duk a wuri ɗaya. Gajeriyar sanda takan wuce lafiya, doguwar ce takan doki silin, shi ya sa tun yana yaro jikinsa ya koyi ƙanƙancewa ba tare da ya sani ba. Ashe duk ƙwazon da yake taƙama da shi, shi ne ya dasa masa cutar.

Mahaifinsa ya same shi tsaye a wurin. Da ya ji bayani sai ya ce, "To ai da sauƙi. Gobe a kira kafinta a cire shi."

"Baba, ba a garejin yake ba yanzu."

"To ina ya tafi? Ga shi ina kallonsa."

Washegari aka cire silin, ƙura ta turnuke tsakar gida, mahaifiyarsa tana ta mita. Dogo ya ɗauki doguwar sandar ya gwada, kansa ya sunkuya kamar kullum. Ya yi ta yi har tafin hannunsa ya yi kanta. Da ya tilasta wa wuyansa miƙewa ma, sai ya kasa taɓa ƙwallon gaba ɗaya.

Ranar Asabar, ramin farko da za a aika ƙwallo cikinsa mai nisa ne ƙwarai. Waɗanda suka riga shi duk da ta katako suka buga, ƙwallayensu suka lula. Da aka kira shi ya zaro tasa, ya gwada ta a iska, ya ji wuyansa ya lanƙwashe. Ya daɗe yana kallon ciyawa. Daga nan ya mayar da ita jaka, ya ɗauko ta ƙarfe. Koci ya kawar da kai.

Ƙwallon ta tashi sak, gwanin kyau, ta sauka tsakiyar fili, can baya da ta kowa. Masu zaɓe suka dubi juna, ɗayansu ya kira na gaba.

Daga bayan igiyar 'yan kallo mutum ɗaya ne ya tafa. Mahaifinsa ne, yana taɓo na kusa da shi.

"Ka ga yaron nan? Ɗana ne. Dubi yadda ta tafi, ko karkacewa ba ta yi ba!"