Wa Ke Shan Ruwan Melchor?

Mijina Melchor, idan ya sa abu a ransa, ko jaki ya fi shi jin magana. A ƙauyenmu da ke gangaren Tungurahua, dutse mai aman wuta, duk wanda bai fita gayyar yashe hanyar ruwa ba, ba shi da rabo. Melchor bai taɓa fashi ba, don haka muna da awa biyu na ban ruwa kowace Alhamis. Amma ƙasarmu baƙa ce, tokar dutsen nan ce tun ta kakanni, kana zuba mata ruwa kamar ka zuba a kwando.

A ƙasan gonarmu akwai ta Eusebio, wanda ya riƙe 'yarmu ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre. Malalaci ne na bugawa a jarida. Duk ranar gayya bayansa ke ciwo, saboda haka ko ɗigo ba a ba shi. Amma kowace Juma'a gonarsa a jiƙe sharkaf, dankalinsa ya fi namu kyau.

Melchor ya ce sata ce. Na ce ya bari, don doka ta ce wanda ya yi ƙarar ƙarya zai rasa ruwan wata guda, ga dankalinmu yana fure. Wata guda ba ruwa a lokacin fure, ai mun tashi a tutar babu. Ina! Sai da ya kai ƙara wurin Taita Anselmo, shugaban masu rabon ruwa.

Da aka nemi shaida, sai ya juye jan rinin da nake rina ulu da shi a ruwanmu na Alhamis, tukunya guda cur, wai don a ga inda ruwan ke bi, bai ko tambaye ni ba. Har yau ban yafe ba. Aka sa dattawa biyu su tsare Eusebio, suka wuni suna kallonsa yana minshari a ƙofar gida.

Da safe kowa ya hallara. Ga ruwa ja-ja yana tsattsafowa daga gindin gangaren gonarmu, yana shiga kunyoyin Eusebio. Melchor ya hau tsalle, wai akwai bututu a binne. Taita Anselmo ya ce to, a haƙa.

Suka haƙa kamu biyu na baƙar ƙasa, sai diga ta yi ƙara. Cangahua ce, tsohuwar tokar nan da ta daskare kamar siminti. Ruwa ya nutse ta sama, ya tarar da ita, ya rasa hanya, ya bi kanta ya gangara abinsa. Ba bututu, ba ɓarawo.

"Shekara nawa kana wannan ban ruwa, Melchor?" in ji Taita Anselmo.

"Goma sha ɗaya."

"To, Allah ya saka maka da alheri. Ruwanka na wata guda ya tafi."

Ni dai sai na zauna a kan kunya, ina ganin furen dankalina kamar ya riga ya zube. Sai na ji wani yana kuka wiwi. Na waiwaya, ashe Eusebio ne. Ya durƙusa gaban Taita Anselmo yana roƙo, wai ya yafe, ƙazafin bai yi masa zafi ba ko kaɗan, compadrensa mutumin kirki ne, a taimaka kada a taɓa masa Alhamis. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Taita Anselmo ya share hawayen dariya ya ce tunda wanda aka yi wa ƙazafi ya janye, ruwa ya dawo.

Melchor ya rungume compadrensa, idonsa ya ciko, yana ta godiya. Eusebio ya fyace hanci, ya dafa kafaɗarsa.

"Ba komai, compadre. Amma ranar Alhamis ka ɗan ƙara wa ɓangaren hagu, wakena na can yana shan wahala."