Mai Daɗi Har Numfashin Ƙarshe

A Kalpitiya, garin masu nutso a gefen wani tsibiri, idan ka ga namiji da sauran ƙarfinsa yana jan jiki da sanda, ba ka tambayar abin da ya same shi. Ya taso daga ƙasan teku da gaggawa ne, ruwa ya karɓi ƙafafun. Jaufer ya shekara talatin da ɗaya yana nutso zurfin gaba goma sha biyar yana tsinto katantanwar sangu, kuma har ranar da ƙanensa Nilamdeen ya dawo daga Maldib, da ƙafafunsa yake zuwa masallaci.

Shekara shida Nilamdeen ya yi a wani otal na can, yana cika wa Turawa tukwanen iska yana wanke musu kayan nutso. Ya dawo da tabarau a goshi, da ɗan tumbi, da wani kwali da bai yarda kowa ya taɓa ba. Yana son yayansa, wannan kam ba a raba shi da shi. Sai dai ya kwaso ciwon waɗanda suka leƙa waje, komai na gida gani yake kuskure ne da ake jira ya zo ya gyara.

A rumfar shayi ta bakin ruwa ya buɗe kwalin, gaban masu nutso kusan goma. Na'urar shaƙa ce da ake ɗaura wa tukunyar iska, sabuwa fil, tana ƙyalli.

"Yaya, miƙo tsohuwar nan taka a ga bambanci."

Jaufer ya miƙa. Tagullarta ta yi kore, robar baki ta sha tauna, an ɗaure ta da zaren kamun kifi.

"Kun ga wannan," in ji Nilamdeen, "fistin ne a cikinta da sifirin, ƙarfin tukunya ke taya ta buɗewa. Tukunya na raguwa, ita tana ƙara tauri. Tawa kuwa faifan roba ne a ciki, an daidaita ta. Tukunya cike ko saura kaɗan, gaba biyu ko gaba ashirin, duk ɗaya ne a wurinta. Har numfashin ƙarshe ba ta tauri."

Ya sa aka jawo tukunyar da ta kusa ƙarewa, aka ɗaura tsohuwar, kowa ya ja. Kamar zuƙar ruwan kwakwa ta tsinken da ya toshe. Aka ɗaura sabuwar. Selvarasa mai kwalekwale ya ja sau ɗaya ya zaro ido.

"Kai, wannan ai ita ke ɗura maka. Ko matata ba ta taɓa yi min hidima haka ba."

Aka yi dariya, ban da Jaufer. Ya kurɓi baƙin shayinsa ya gutsuri mazarƙwaila.

"Taurin nan da kake zagi, ɗan Maldib, shi ne agogona. In ta fara yi min rowa na san saura numfashi arba'in. Sai in ɗaure bakin buhu in taso a hankali. Ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

"Ga agogo na gaske a jikin wannan, Yaya, da allura da lamba, yana nuna sauran iska."

"A ruwanmu?" in ji Selvarasa. "Inda tafin hannunka ma sai ka laluba?"

Nilamdeen ya ji zafin dariyar da ta juyo kansa. "Matar Yaya ta gaya min kullum da ciwon kai kake dawowa, kamar an sara maka gatari. Kokawa da wannan tsohuwar ce ke jawo shi. Ko dai tsufa ne ya sa kake tsoron sabon abu?"

Jaufer ya daɗe yana kallon ƙanensa, wanda ya goya ya kai makaranta, sannan ya miƙa hannu ya karɓi kwalin. Ba don ya yarda ba. Ya ƙi ne a ce ya watsa wa ƙanensa ƙasa a ido gaban mutane.

Washegari da hantsi Nilamdeen ya bi su cikin kwalekwale. Yana gani Jaufer ya sa sifana ya kwance tiyon agogon ya toshe ramin da noti, yadda kowane mai sangu ke yi.

"Yaya, da ka bar shi mana."

"Ya sarƙe min a buhu? Ba yawon kallon kifi zan je ba."

Nilamdeen ya san ya kamata ya dage. Shi ne ya faɗi da bakinsa cewa ba ta tauri, kuma ya ji abin da yayansa ya ce game da agogonsa. Haɗa maganganun biyu ne kawai ya rage, ko yaro zai haɗa. Amma hankalinsa na kan yabon da yake jira, sai ya yi dariya ya bar zancen.

Ya kuwa sami yabon. Tukunya ta farko buhu ne ya cika da wuri, Jaufer ya taso da sauran iska. Ya cire robar daga baki yana murmushi.

"Ɗan banza, ka yi gaskiya. Kamar ina zaune a inuwa."

Ta biyu ma haka. Nilamdeen ya ji kansa ya kumbura har ya fara yi wa Selvarasa alkawarin irinta.

A tukunya ta uku igiyar ruwa ta yi ƙarfi, sangun kuma ya warwatsu, sai an bi shi ɗaya ɗaya. Nilamdeen na zaune yana kallon kumfan da ke fashewa a saman ruwa. Ya duba agogon hannunsa, ya sake dubawa. Mutumin da ke ƙasa ba ya duba komai. Yana jiran tsohuwar ta fara yi masa rowa, alhali tana rataye a ƙusa a gida.

Kumfan ya tsaya.

Ba a yi minti ɗaya ba Jaufer ya faso ruwa da ƙarfi har ƙugu, babu buhu, baki buɗe. Suka jawo shi ciki. Ya kwanta yana haki, can ya ce a hankali, "Selva, wa ya zauna min a ƙafa?" Babu wanda ya zauna.

Ɗakin matsin iska na sojan ruwa, inda ake jinyar irin wannan ciwon, yana can wancan gefen tsibirin. Awa bakwai suka yi a mota. Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kuma faɗi abin da kowa a Kalpitiya ya riga ya sani.

Bayan sati uku aka dawo da shi gida. Sithy, matarsa, ba ta zagi Nilamdeen ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kullum takan ajiye masa shayi a bakin tabarma ta wuce ba ta dube shi ba. Tsohuwar na nan a ƙusarta, har zanzaro ya yi gini a cikin robar bakin. Nilamdeen ya tsani ganinta, ya kuma kasa sauke ta.

Wata la'asar Jaufer ya ce, "Mutane na zuwa dubiya suna tambayata wacce ta fi, tawa ko taka."

Nilamdeen ya sunkuyar da kai. "Yaya, ka yafe min."

"Na ce musu taka. Ƙarya zan yi?" Muryarsa ba ta tashi ba, amma ɗacin na ciki, bai kuma ɓoye shi ba. "Tun da uwarmu ta haife ni ban shaƙi iska mai daɗin ta ƙarshen nan ba. Sanyi, laushi, ba wahala. Na nemi ta gaba, babu."

Ya juya kai ya kalli ƙafafunsa, sannan ya ɗaga hannu biyu sama.

"Zo ka ɗauke ni, ɗan Maldib. Bayan gida zan je."