Wayar Teburin Saje Sila

Shekara goma sha ɗaya Saje Sila yana zaune a teburin farko na ofishin ƙungiyar manoma a Zuru, dab da ƙofa. Aikin ba wani mai yawa ba ne. Manomi ya kira daga Danko ko Mahuta ko Dirin Daji yana son tarakta, Saje ya rubuta suna da ƙauye da rana a babban littafi. Kafin nan ya yi shekara ashirin da biyu a soja, a bayan igwa, ita kuwa igwa ba ta barin mutum ya koma gida da kunnuwansa duka. Na hagu ya mutu tun yana cikin kaki. Na dama ne ya riƙe shi duk shekarun nan, shi ma bana ya fara ja da baya.

Babu wanda ya sani, ko kuma dai babu wanda ya nuna ya sani. In gaba da gaba ake magana, Saje yakan kafe bakin mutum da ido, ya kama rabi da ido, ya tsinci kaɗan da kunne, sauran ya cike da gyaɗa kai. Waya ce ba ta da bakin da za a kalla.

Ana gab da damina aka kawo sababbin wayoyin tebur guda huɗu masu aiki da intanet, baƙaƙe, kowacce da ɗan allo da madannai rututu. A makon ne kuma manaja, Oga Gabriel, ya faɗa a gaban kowa cewa kwamiti na tunanin haɗa aikin waya da na Jessica mai buga takardu, in har aka ga teburin farko ba ya biyan buƙata. Wannan kam Saje ya ji shi sarai, don yana kallon bakin. Ba yunwa yake tsoro ba, yana da fanshonsa da 'yar gonar dawa. Abin da yake tsoro shi ne bencin nan na gindin mangwaro a unguwarsu, inda tsofaffin sojoji ke wuni suna lissafa waɗanda suka rigaye su. Ya rantse a ransa ba zai zauna a kai ba yana da sauran ƙarfi.

Ran Talata da aka fita cin abincin rana, ya jawo wayar gabansa ya sa tabarau. Ya danna nan ya danna can har ya faɗa wani wuri mai layuka biyu, kowanne da lamba biyar a gefensa. Turancin wurin bai dame shi ba. Ya tura na farko har goma, ya ga ba abin da ya fashe, ya tura na biyu shi ma har goma. A ganinsa, in ɗaya ya ƙara ji, biyu sai su ninka.

To, garin neman ƙiba aka samo rama. Layin farko dai na kunne ne, ya ɗan taimaka. Na biyun ƙarfin makirufo ne, wato yadda wayar ke kwasar sauti daga ofis ta kai wa mai kira. Tun daga ranar, duk wanda ya kira sai ya ji kukan fanka kamar injin niƙa, ya ji janareton maƙwabta, ya ji Jessica na taunar gyaɗa. A kan wannan duka ga muryar Saje, wanda dama ya saba ɗaga ta irin na mai nauyin kunne. Wani manomi daga Danko ya taho takanas a kan babur ya ce shi ba zai ƙara kira ba, kunnensa bai yi laifin komai ba. Wata mata daga Mahuta ta aiko a gaya wa Jessica cewa mai kifin nan ya cuce ta, don ta ji cinikin tun daga farko har ƙarshe. Sannan sau biyu tarakta ta je ƙauyen da ba a kira ta ba.

Oga Gabriel ya tsaya a bakin teburin ya ce, "Baba Saje, na kira masu wayar. Ran Juma'a za su turo a duba. In wayar ce, a gyara. In ba ita ba ce..." Bai ƙarasa ba, ya koma ofishinsa.

Wadda aka turo Monica ce, 'yar marigayi Kofur Joel, wanda suka yi bariki ɗaya da Saje. Ta rusuna ta gaishe shi, ya tambayi mahaifiyarta, ta ajiye jaka ta jawo kujera. Ba ta yi minti biyu tana danne-danne ba ta tsaya. Ta dubi allon, ta dube shi, sannan ta juya harshe zuwa C'lela, yarensu na Zuru, wanda Jessica ba ta ji, tana magana a hankali, fuskarta na kallonsa sosai.

"Baba, wa ya taɓa nan?"

"Ni ne."

"Wannan na kunne ne, wannan na baki. Na bakin ne ya jawo surutun. Zan mayar da shi huɗu, masu kira za su huta." Ta danna. "Na kunnen fa, in bar shi a goma?"

"Ba ya wuce goma?"

"Nan ya tsaya, Baba."

"Ko a cikin na'urarki?"

Ta buɗe kwamfutarta ta shiga wayar ta ƙofar baya, inda masu gyara ke shiga. Akwai wani ɗan ƙari da ake yi wa masu nauyin ji, ta kunna shi. Ta canza igiyar kan wayar da sabuwa, ta goge ramukan da ke wajen kunne da ɗan buroshi, ta matsar da teburin daga ƙarƙashin fanka. Duk abin da hannu zai iya ta yi. Saje yana zaune ƙiƙam, hannuwa a kan gwiwa, kamar mai jiran likita.

Oga Gabriel ya fito. "Yaya, Monica? Wayar ce?"

"Makirufo ne ya yi yawa, Oga. Na daidaita shi. Yanzu lafiya lau take."

"Wa ya ƙara shi?"

"Wani lokaci haka suke zuwa daga kamfani," in ji ta, tana naɗe tsohuwar igiya, ba ta ɗago ba.

Oga Gabriel ya ce madalla, dama shi ya san Baba Saje ba ya wasa da aiki. Ya sa hannu a takardar aikinta, ita ma ta sa, ya shige. Saje ya ji daɗi, ba ƙarya, har wani sanyi ya ratsa shi. Ya kuma ji kunya, don yarinyar da aka yi bikin sunanta a gabansa ce ta yi ƙarya saboda shi, ta kuma sa hannu a ƙarƙashinta.

Monica ta rataya jaka ta yi sallama. Ba a jima ba fitilar wayar ta fara ƙiftawa. Saje ya gyara zama, ya ɗauki biro, ya manna kan wayar a kunnen dama.

"Ofishin manoma, Saje Sila ke magana."

Akwai murya. Ya san ta mace ce, ya san kuma tana da ƙarfi, don har yana jin kan wayar na rawa a tafinsa. Amma kalmomin sun narke cikin juna, kamar ana magana a cikin randa.

"Sake faɗa."

Aka sake. Ya danne wayar a kunne har ya ji zafi. Ya laluba madannin ƙara ya danna, allon ya nuna goma, ya sake dannawa, goma dai.

"A yi haƙuri, a sake faɗa. Daga wane ƙauye?"

Da ya ɗaga kai sai ya hango ta ta taga. Monica ce tsaye a gindin dalbejiya kusa da babur ɗinta, salula a kunne, tana gwada layin kafin ta tafi, kamar yadda aikinta ya tanada. Ta yi nisa, ba ya iya karanta bakinta. Ita ma ta hango shi. Suka tsaya suna kallon juna, tana magana, shi yana riƙe da biro a kan layin da babu komai. Can ta sauke salular a hankali ta sa a aljihu. Ba ta dawo ciki ba, ba ta kuma hau babur ɗin ba.

Saje ya mayar da kan wayar mazauninsa. Ya buɗe littafin ya bi sunayen makon nan da yatsa, ya sa ƙaramar alama a gefen duk wanda ya rubuta bisa zato. Goma sha huɗu ya samu. Damina ba ta jiran kowa, kuma kowane ɗaya a cikinsu gona ce da ke jiran huɗa.

Ya ajiye littafin a teburin Jessica. "Waɗannan masu alama, ki kira su ɗaya bayan ɗaya ki tabbatar da ƙauye da rana. Yau, ba gobe ba."

"To, Baba. Lafiya dai?"

Bai ga bakinta ba, ya riga ya juya. Ya gyara wuyan riga, ya taka zuwa ƙofar manaja don ya gaya masa gaskiya, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya tsaya ƙafa a haɗe, hannuwa a gefe. Ya jira. Ya ƙara ƙwanƙwasawa, ya ci gaba da jira.

Sai da Jessica ta taso ta taɓa kafaɗarsa, ta zagayo ta tsaya inda zai ga fuskarta.

"Baba, sau uku ke nan yana cewa ka shigo."