'Yar Guga Ta Tsaya Jira

A shekarar da ruwa ya ɗauke mana tun gero bai kai gwiwa ba, ni Attahiru nake koyar da kimiyya a wata sakandare a Bafarawa. Kimiyyar tamu ta allo da alli ce, don ɗakin gwaje-gwajenmu awakin maigadi ke kwana a ciki. Kwatsam sai ga wata ƙungiya daga birni ta kawo gasar ƙera mutum-mutumi tsakanin makarantun Isa da Sabon Birni. Aka ba kowace makaranta akwati cike da tayoyi da wayoyi da ƙananan injina, da wata tsohuwar kwamfuta. Aikin ɗaya ne: a haɗa na'urar da za ta ɗebi ruwa a bokiti ta kai shi cikin kwalba a can gefe. Bokiti ɗaya kowa zai samu, babu ƙari, kuma ba a ƙayyade lokaci ba. Wanda ya fi kai ruwa ba tare da ɓarna ba shi ya ci, kuma ɗaliban da suka ci za a ba su gurbi a makarantar kwana a Sakkwato.

Wannan gurbin kaɗai ya rage tsakanin Habi da barin karatu. Habi ɗiyar Labbo ce, makiyayin da ya daɗe zaune a ruga bayan gari yana ɗan taɓa noma. Ban taɓa koyar da kai irin nata ba. A shekarar tafki ya tsage, rijiyoyi suka ja baya, maƙwabtansa duk suka kora shanu kudu. Shi ma ya fara ɗaure kaya, na hau babur na same shi.

"Malam, in na bar ta, hannun wa za ni barin ta?" in ji Labbo. "Ba ni da kowa cikin garin ga."

"Ka ba ni zuwa ranar gasa, Baba Labbo. In sunka ci, makarantar kwana za ta, ci da sha duk a can."

Ya juya ya dubi shanunsa, waɗanda haƙarƙarinsu ya fito fili.

"To, za ni jira. Amma ka san abin da jiran ga ka ci."

Na sani. Na hau babur na koma gida.

Habi da ƙawarta Ruƙayyatu suka duƙufa. Injina ba su ba su wahala ba, ruwan gwaji ne ya zame mana aiki, don famfon makaranta ya daɗe da mutuwa. Inna Tasalla, uwar Ruƙayyatu, ita ta taimake mu da kwano guda kullum, amma da sharaɗi.

"Aro na ba ku," in ji ta. "Yadda kunka ɗauke shi haka za ku maido man shi, tumakina na jira."

Da ruwan aro suka koyi aikin. In ɗigo ya faɗi ƙasa sai ka ga yaran sun dubi juna kamar an fasa ƙwai. Habi ta sa wa na'urar kofi mai zurfi, ta kuma rubuta mata umarni cewa in ta tsoma kofin ta ɗago, ta tsaya bisa bokiti har ɗigon ƙarshe ya koma ciki, sannan ta tafi. Haka kowa ke yi da guga a bakin rijiya a wajenmu, ba wanda ya taɓa koya wa wani. 'Yan aji suka sa wa na'urar suna 'Yar Guga. Samari na tsokanarsu wai tafiyar amarya take yi, Ruƙayyatu ta ce amaryar ce za ta kai su Sakkwato.

Ranar gasa muka isa wani ɗakin taro a Isa. Abin da na fara gani a ƙofa tankar ruwa ce, cike, a garin da mata ke bin layi a rijiya tun safe. Labbo ya biyo mu a bayan babur ɗin haya da malfarsa da sandarsa da gorarsa a kafaɗa. Ya ce mini a hankali wata saniyarsa ta kwanta da safe, ta ƙi tashi, amma kada in faɗa wa Habi.

Ana gab da farawa wani jami'in ƙungiyar ya ɗauki lasifika. Ya ce babban baƙo zai zo, kuma lokacinsa kaɗan ne, don haka an ɗan gyara doka. An soke bokiti ɗaya. Ga duro nan cike, kowa ya ɗebi iya son ransa. Wanda ya riga cika kwalbarsa shi ya ci, abin da ya zube kuma ba a lissafa shi.

Ɗan gyara, wai! Malamin wata makarantar Sabon Birni ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Yaran makarantar Gangara kuwa suka hau tsalle, don tasu na'urar gudu kawai ta iya, rabin ruwan a hanya take barinsa, da ma sun zo ne ba su sa rai ba. Ruƙayyatu ta fashe da kuka. Ni kuma raina ya ɓaci har ban san sa'ad da na isa gaban jami'in ba.

"Wace irin doka ta ana sauya ta ranar gasa? Kun san da wane ruwa yaran ga sunka koyi aiki?"

"Malam, yi haƙuri," in ji shi, yana duban ƙofa ko baƙon ya iso. "Ana son abin da zai ƙayatar ne. Ruwa kuwa ai ga tanka nan. Mun ba ku ɗan lokaci ku gyara."

Habi ba ta yi kuka ba. Ta buɗe kwamfuta a kan cinyarta, ta ƙara wa tayoyi gudu, ta ƙara wa hannun sauri. Ba ta yi kuskure ba. Mu uku muka haɗa kai muna bin umarnin.

"Malam, akwai sauran abin da ka cin lokaci?" ta tambaye ni.

Na duba, Ruƙayyatu ta duba, muka ce babu.

Baƙo ya iso, aka busa usur. 'Yar Guga ta zabura ta riga kowa isa duro, har na ji ihu ya kuɓuce mini. Ta tsoma kofi, ta ɗago. Sai ta tsaya cik. Ruwa na ɗiga daga gindin kofin yana komawa duro, ita kuma tana jira. Sauran na'urorin suka zo suka kwasa suka wuce suna watsa ruwa ko'ina, tamu na nan tsaye. Mu duka mun karanta layin jiran nan a cikin umarnin, ba wanda ya ɗauke shi ɓata lokaci. A idonmu haka ake ɗiban ruwa.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce a ba ta kujera. Habi ta rufe baki da hannu, kuma doka ta hana a taɓa na'ura in an fara. Duk zuwan da 'Yar Guga ta yi duro sai ta tsaya ta jira ɗigon ƙarshe. Kwalbarmu ba ta wuce rabi ba yaran Gangara suka cika tasu. Babban baƙo ya tafa, aka ɗauki hoto, ya fita yana tattare babbar rigarsa don kada ta jiƙe.

Masu shara suka shigo da tsintsiya suna koro ruwan waje, yana gangarawa cikin yashi. Labbo na tsaye a bakin ƙofa yana kallo, ruwan na bi ta ƙarƙashin takalmansa.

"Malam, wa yac ci?"

"'Yan Gangara."

"Waɗanda sunka zubar?"

"Su."

Ya jinjina kai, ya juya wajen ɗiyarsa. "Taki ba ta zubar ba?"

"Ko ɗigo, Baffa."

"To, madalla," in ji shi. Ya tambayi mai shara ko za a bar shi ya ɗauki ruwan da ke kwalbarmu, aka ce ya ɗauka. Ya durƙusa ya juye shi a gorarsa a hankali, ya tsaya har ya gama ɗiga, ya toshe. "Mu tahi da sauran rana, Habi. Gobe za mu tashi."

Na buɗe baki in roƙe shi, na tuna saniyar da ke kwance, na rasa da wane ido zan dube shi. Ruƙayyatu ta riƙe hijabin Habi tana kuka, har sai da Habi ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe kwamfutar ta miƙo mini.

"Malam, layin jiran na can wajen ƙarshe," in ji ta. "In an sake gasa baɗi, ku goge shi."

Ta hau babur bayan ubanta, ya miƙa mata gorar ta rungume.